TANTANIN DA KE TONA ASIRIN GUBA A CIKIN RUWA

Daga Wakilinmu

A ƙasar Rimin Gado, kamar sauran sassan karkarar Kano, gona da gida da rijiya duk kusa da juna suke. Manoma kuwa sun rungumi maganin kashe ciyawa da na ƙwari, domin yana rage musu wahalar noma. To, amma ruwan sama yakan wanke wani abu daga cikin maganin nan ya gangara da shi rafi, ko ya nutse da shi ƙarƙashin ƙasa. Ta yaya za a tabbatar ko ya shiga ruwan da jama'a ke sha?

Ido ba ya ganinsa, harshe kuma ba ya jinsa. Alal misali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a kowace lita ta ruwan sha, watau giram ɗaya tak a cikin lita 100,000. Kafin na'urar awo ta gane ɗan mitsitsin abu irin wannan, sau da yawa sai an raba shi da laka da sauran tarkace, sa'an nan a tattara shi wuri guda.

A da, masana kan zuba ruwan da za a gwada a cikin kwalba tare da wani mai mai narkar da abu, su girgiza, su jira ya kwanta. Wannan hanya tana cin lokaci da mai mai tsada, wanda shi kansa guba ne. A shekarar 1986 aka bayyana wata dabara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, ta yin amfani da tantanin roba mai ƙananan ƙofofi da aka jiƙa da mai. Daga baya, a 1999, Pedersen-Bjergaard da Rasmussen na Jami'ar Oslo ta Norwe suka mayar da tantanin ya zama ɗan siririn bututu kamar zare. A 2006 kuma suka ƙara masa wutar lantarki domin aikin ya yi sauri.

Ga yadda abin yake. Ana cika cikin bututun da ɗigon ruwa mai tsami, a tsoma shi a cikin ruwan rijiya, ko jini, ko fitsari. Maganin da ake nema sai ya narke a cikin man da ke ƙofofin, ya ratsa zuwa ciki. Da zarar ya tarar da tsamin nan, halinsa ya canja, ba ya iya komowa waje. Laka da ƙwayoyin jini kuwa ba su da hanyar wucewa. Ta haka abin da ya watsu a cikin ruwa mai yawa yakan taru a ɗigo ɗaya, wani lokaci ƙarfinsa ya ninka sau ɗari ko fiye. Idan ƙarfe ake nema, kamar dalma ko kuromiyam da masana'antun jima ke amfani da shi, sai a sa wani sinadari a cikin man wanda zai ɗauko shi.

Ƙasarmu ta ɗanɗana kuɗar rashin gwaji da wuri. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Sai dai tantanin nan share fage kawai yake yi. Tilas a sami na'urorin awo, da wutar lantarki mai ɗorewa, da ƙwararrun ma'aikata. Jami'ar Bayero tana kan hanyar Gwarzo, hanyar da ta bi ta Rimin Gado. Saboda haka ya kamata ma'aikatun lafiya da na gona su haɗa kai da masananta, a riƙa ɗebo ruwan rijiyoyin ƙauyuka ana gwadawa, musamman da damina lokacin da feshi ya fi yawa.