Kwararar Bidiyo da Matsalar Ƙetare Wakilin Intanet: Misali Daga Orozo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata matsala da ke damun masu raba intanet ga jama'a, tare da gwada ko Hausa za ta iya ɗaukar bayanin da kalmominta. An ɗauki misali daga Orozo, wani gari da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Birnin Tarayya Abuja. A irin waɗannan garuruwa, makaranta ko shagon kwamfuta kan sayi layi guda a raba wa mutane da yawa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

"Faɗin layi" shi ne yawan bayanan da layi ke iya ɗauka a daƙiƙa guda, ana auna shi da megabit. "Kwararar bidiyo" ita ce kallon bidiyo yayin da yake isowa, ba tare da an jira ya sauka duka ba. "Wakili" kuwa na'ura ce da ke tsakanin kwamfutocin gida da intanet: ita ke karɓar buƙatar kowa, ta je ta samo, ta miƙa masa. An zaɓi wannan kalma ne domin aikinta ya dace da na wakili a ciniki ko ɗaurin aure.

3.0 Yadda Wakili Ke Rabo

Ɗaya daga cikin fitattun manhajojin wakilci ita ce Squid, wadda ta fito a 1996. Tsarin rabonta kamar randa ne: kowace kwamfuta tana da tata, ana zuba mata ruwa bisa wani ƙayyadadden ma'auni. Wanda ya kwashe tasa, sai ya riƙa samun abin da ke ɗigowa kawai. Amma wannan rabo ba ya hawa kan kowa sai wanda ya bi ta hannun wakilin.

4.0 Hanyoyin Ƙetarewa

Ta hanyoyi uku bidiyo ke kuɓucewa. Ta farko tsohuwa ce: a zamanin Flash, ana aika bidiyo da ƙa'idar RTMP ta ƙofa mai lamba 1935, alhali shafukan intanet ta ƙofa ta 80 suke bi. An daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020. Ta biyu ita ce rufe bayanai da HTTPS, ta ƙofa ta 443. A nan wakili yana ganin sunan gidan da ake nema, amma ba ya ganin abin da ke ciki, don haka dokokin da suka dogara da nau'in fayil suka daina aiki. Ta uku ita ce QUIC, wadda Google ya ƙirƙiro, aka tabbatar da ita a matsayin ƙa'ida a 2021. Ita kan UDP take tafiya, wakilin gargajiya kuwa TCP ya sani. Muddin ba a saita wakilin a kan kwamfuta ko wayar mutum ba, bidiyon YouTube zai wuce ta gefensa.

A ɗauka wani shago a Orozo yana da layi mai megabit 20. Bidiyo mai inganci sosai kan ci wajen megabit 5. Ke nan mutum huɗu sun isa su cinye layin, ɗalibin da ya zo rajistar jarrabawa kuma ya zauna shafinsa ya ƙi buɗewa.

5.0 Mafita

Mataki na farko shi ne rufe ƙofar UDP ta 443 a katangar tsaro. Da an yi haka, manhajar bincike kan koma TCP da kanta. Na biyu, a hana kowace kwamfuta fita kai tsaye sai ta hannun wakili. Na uku, wanda ya fi ƙarko, a mayar da rabon kan na'urar da ke bakin layi, a yanka wa kowace kwamfuta kasonta, ko me take ɗauke da shi. Bidiyon zamani kan rage ingancin hotonsa idan layi ya ƙuntata, saboda haka mai kallo ba zai yanke ba.

6.0 Kammalawa

Ƙayyadewa ta fi toshewa gaba ɗaya. Tafsiri da waƙoƙi da finafinan Hausa da darussa masu yawa ta bidiyo suke isa ga jama'a, musamman waɗanda ba su iya karatun boko ba. Wanda ya toshe bidiyo ya toshe wa Hausa babbar ƙofa. Kalmomin da aka gabatar a nan kuwa shawara ce, ya rage ga masana su tace su.