Wa ke ƙidayar mura a Kano?

Da hunturu ya sauka, tari da zazzaɓi kan cika lungunan cikin birni, daga Kurmi har Ƙofar Mata. Sai a ce mura ce, a sha shayi da citta. Amma akwai mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, da kan kwantar da tsofaffi, masu juna biyu da ƙananan yara, wani lokaci har ta kai ga rasa rai.

Tun 2008 Najeriya ke bibiyar wannan cuta a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akan ɗauki majina daga hanci da maƙogwaron mara lafiya, a aika Abuja, ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ya tantance irin ƙwayar. Da irin waɗannan sakamako Hukumar Lafiya ta Duniya ke zaɓar haɗin rigakafi sau biyu a shekara, domin ƙwayar na yawan sauya kama.

Abin damuwa, allurar ba ta cikin rigakafin yau da kullum da gwamnati ke yi kyauta. Kuma wanda ya tsaya a kemis ɗin unguwa, ba ya shiga lissafi.