Me ya sa ajiyar bayanai ke cin kuɗi haka?



Ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, littafin bashin babana na cikin abin da ya tafi. Duk shanun da muka loda wa mutanen Kudu bashi, a ciki aka rubuta. Wasu sun biya don tsoron Allah, wasu kuwa har yau shiru. Sai tarihin asusunsa da muka karɓo a banki ya taimaka, muka gane wanda ya biya. Tun daga nan nake tambaya: ya banki ke yi nasa bai ɓata?

Amsar ita ce kuɗi yake zubawa.

Na farko, babbar ma'aikata ba ta ajiye bayani wuri ɗaya. Takan kwafa shi a rumbu biyu ko uku, a wurare daban, don ko gobara ko ambaliya. Kamar mai shanu ne ya raba garkensa, kowane da makiyayinsa da kuɗin dusarsa.

Na biyu, wuta. Kwamfutocin nan ba a kashe su dare da rana, ga zafi suna fitarwa, dole a sanyaya su. Mu da muka ga duhun 2021, lokacin da aka fasa turakun wutar Maiduguri, mun san abin da janareto ke sha.

Na uku, dala. Na'urorin daga waje ake sayo su, wanda kuma ya yi haya a wurin Amazon ko Microsoft galibi da dala ake yi masa lissafi. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Na huɗu, kayan ba sa raguwa. Doka ta ce banki ya riƙe bayanan hulɗa aƙalla shekara 5. NIMC kuwa ta yi wa mutum sama da miliyan 100 rajistar NIN, kowa da hotonsa da zanen yatsunsa.

Mu ƙanana abin da sauƙi. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Duk daren Juma'a nake ɗaukar hoton sabon littafin Baba in tura can. Don Allah ku ma ku yi, kafin ruwa ko gobarar kasuwa ta riga ku.