Dokar Ƙasar Noma da Yadda Ake Gyara Tsarin Mulki

'Yan'uwa manoma, akwai tambayar da takan taso a taron ƙungiyoyinmu na gama kai, daga Jega har Maiyama. In Gwamnati ta karɓi gona don yin hanya ko makaranta, me ya sa akan biya diyyar shuka da itatuwa da gini, amma ba a biyan kuɗin ƙasar kanta? Me kuma ya hana a sāke wannan doka?

Asalin maganar shi ne dokar amfani da ƙasa wadda mulkin soja na Janar Obasanjo ya kafa a 1978. Ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, manomi kuwa izinin amfani da ita yake da shi. Mu a Arewa abin bai zo mana baƙo ba, gama dokar ƙasa ta 1962 kusan haka ta ce. Amma da soja za su sauka a 1979, sai suka cusa dokar cikin Tsarin Mulki. Na 1999 ma ya riƙe ta a sashe na 315, ya ce ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara Tsarin Mulkin kansa.

To, ga hanyar, kamar yadda sashe na 9 ya shimfiɗa. Da fari sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa sun yarda, watau mutum 73 cikin 109, haka kuma Majalisar Wakilai, 240 cikin 360. A lura, ba waɗanda suka zo zama ran nan ake ƙidayawa ba, dukan kujeru ne. Wakilin da ya yi zamansa a gida, daidai yake da wanda ya ce a'a. Sa'an nan a aika wa Majalisun Jihohi, sai 24 cikin 36 sun amince. Watau jihohi 13 in sun ƙi, magana ta mutu, ko da Abuja duka ta so. Daga nan sai a kai wa Shugaban Ƙasa ya sa hannu. In kuwa gyaran ya shafi 'yancin ɗan Adam ko shi sashe na 9 ɗin, kashi huɗu cikin biyar ake nema a Abuja.

Wannan tsanani yana da amfaninsa. Shi ya tare neman wa'adin mulki na uku a 2006, a Majalisar Dattawa. Kuma ƙofar takan buɗu: a 2018 an rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Jiha daga 30 zuwa 25, a 2023 an ba jihohi ikon yin dokar wutar lantarki da jirgin ƙasa. Amma dokar ƙasa ta gagara. Marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaranta a 2009, bai kai ga nasara ba. A ganinmu dalilin ba ɓoyayye ba ne: ikon Gwamnoni za a rage, Majalisun Jihohi kuwa da wuya su saɓa wa Gwamna.

Majalisar Jiharmu da ke Birnin Kebbi ƙuri'a ɗaya ce cikin 36 ɗin nan, 'yan majalisar kuwa mun san gidajensu. Ƙungiyar da ke da koke ta rubuta shi, membobi su sa hannu, a kai wa ɗan majalisarta, a aika da kwafi ga Sanatan Kebbi ta Tsakiya, tun da Jega da Aliero da Maiyama duk nasa ne.

Kafin nan, dokar ta ba Ƙaramar Hukuma ikon ba manomi takardar izinin gona a karkara, har hekta 500. Mai gonar albasa a Aliero ko shinkafa a fadamar Jega, ya nemi tasa tun kafin rikicin iyaka ya taso. Sakataren kowace ƙungiya ya tattara sunayen waɗanda ba su da ita, a tafi sakatariya tare.