Farautar Kuskure a Cikin Manhaja: Yadda Ake Girka Xdebug

Ranar 9 ga Satumba, 1947, masu aiki da wata ƙatuwar kwamfuta mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka suka tarar da wani ƙwaro ya maƙale a cikinta. Suka cire shi, suka liƙa a littafin aikinsu. Tun kafin lokacin injiniyoyi kan kira aibin na'ura da sunan ƙwaro, kuma har yau masu rubuta manhaja haka suke kiran kuskuren da ya ɓuya a cikin aikinsu.

Ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta manhajar intanet da su shi ne PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Da shi aka gina manhajar da ke ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa. Ba ya bukatar kwamfuta mai tsada, domin haka malami a Ƙaraye ko Rogo zai iya koyonsa a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ko babu intanet, muddin ya riga ya sauko da kayan aikin.

Mu ɗauka wani malami ya rubuta manhajar haɗa makin ɗalibai a darussa tara. A harshen PHP, ƙirgar abubuwan da aka jera daga 0 take farawa. In malamin ya fara daga 1, to an tsallake darasi na farko ke nan, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Ɗalibin da ya ci 44 a kowane darasi sai matsakaicin makinsa ya dawo 39. Idan 40 ne makin cin jarrabawa, yaro ya faɗi ba tare da laifinsa ba.

Irin wannan ɓoyayyen kuskure ne Xdebug ke tonawa. Wani ɗan ƙasar Holan, Derick Rethans, ya ƙirƙiro shi a 2002, kuma kyauta ake samunsa. Aikinsa ya yi kama da na manomin rani a kusa da madatsar ruwa ta Challawa: in ruwa bai kai ƙarshen gona ba, sai ya datse kwatami, ya bi shi kaɗan-kaɗan har ya ga inda yake zurarewa.

Matakan girkawa uku ne. Da fari a samo wanda ya dace da zubin PHP da ke kan kwamfutar, domin in ba su dace ba, ba zai tashi ba. A Linux ana rubuta umarnin pecl install xdebug. A Windows kuwa fayil ɗin DLL ake saukowa da shi a ajiye cikin ma'ajiyar ext. Na biyu, a buɗe fayil ɗin php.ini a ƙara waɗannan layuka:

zend_extension=xdebug
xdebug.mode=debug
xdebug.start_with_request=yes

Na uku, a sake tayar da sabar, a rubuta php -v. In sunan Xdebug ya bayyana, aiki ya yi kyau.

Saura haɗa shi da manhajar rubutu, kamar Visual Studio Code ko PhpStorm. A nan a lura: zubi na 3, wanda ya fito a Nuwamba 2020, ta ƙofa mai lamba 9003 yake magana, alhali na baya ta 9000 suke yi. Mai bin tsohon bayani sai ya wuni yana jiran gawon shanu.

Da zarar sun haɗu, sai malam ya sa alamar tsayawa a layin da ake tara maki. Manhaja za ta tsaya cak a nan, ta nuna masa abin da ke cikin kowane ma'aji. Nan take zai ga ƙirga ta fara daga 1, makin farko kuma bai shiga lissafi ba.

Sai dai a kiyaye: kada a bar Xdebug a kunne a kan sabar da jama'a ke shiga, domin yana rage sauri, yana kuma iya buɗe wa ɓata-gari ƙofa. Wurinsa shi ne kwamfutar gwaji, kafin sakamako ya isa hannun iyaye.