Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi da Linux: Abin Dubawa Kafin a Goge Komai

Daga cikin matsalolin da ke tayar da hankalin masu kwamfutar tafi-da-gidanka akwai tsayawar na'ura cak a lokacin tashi, musamman bayan an ɗora mata babbar manhajar Linux ko an sabunta ta, inda fuskarta kan yi baƙi ƙirin ko ta maƙale a kan tambarin kamfani. Mutane da yawa kan ɗauka faifan ajiya ne ya mutu, sai su garzaya wurin mai gyara a yi mata fomatin, alhali sau da dama bayanansu na nan lafiya lau, matsalar kuwa tana daidai inda manhajar tushe ke miƙa ragamar na'ura ga kanel.

Manhajar tushe, wadda aka fi sani da BIOS a tsofaffin na'urori da UEFI a sababbi, tana dashe ne a wata ƙwayar lantarki a jikin babban allon na'ura da masu gyara ke kira bod, kuma ita ke fara farkawa idan an kunna kwamfuta. Kanel kuwa shi ne zuciyar babbar manhaja, wanda ke sarrafa ƙwaƙwalwa da faifai da sauran sassa. Kafin ya fara aiki, sai ya karanta bayanin sassan na'urar daga jadawalin da manhajar tushe ke miƙa masa bisa ACPI, ƙa'idar da kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Da yake yawancin masu ƙera kwamfuta da Windows kaɗai suke gwada kayansu, kurakuran da Windows ke kawar da kai a kansu sukan rage a cikin jadawalin, har sai kanel ɗin Linux ya ci karo da su ya tsaya.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A farkon 2013 wasu kwamfutocin Samsung sun mutu murus bayan an tashe su da Linux ta hanyar UEFI, kuma binciken wani masanin Linux mai suna Matthew Garrett ya nuna cewa manhajar tushen ce ke kasa tashi idan ma'ajiyar saituttukanta ta cika, abin da ya nuna ana iya haddasa matsalar daga cikin Windows ma. A 2016 Linux ya kasa ganin faifan Lenovo Yoga 900 saboda an kulle shi a yanayin haɗin faifai na RAID, har sai da kamfanin ya fitar da sabon BIOS mai zaɓin yanayin AHCI da Linux ke ganewa. A ƙarshen 2017 kuma wani direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa sashe guda, na nau'in Linux mai suna Ubuntu 17.10 ya kulle ƙwayar BIOS a wasu kwamfutocin Lenovo da Acer, lamarin da ya sa kamfanin Canonical mai fitar da Ubuntu ya janye manhajar na ɗan lokaci.

Matakin farko shi ne a sa na'ura ta faɗi inda ta tsaya. Ana danna Shift ko Esc lokacin tashi don fito da jerin zaɓin GRUB, shirin da ke loda kanel, a danna harafin e, a goge kalmomin quiet da splash, sannan a danna F10. Daga nan saƙonnin kanel za su bayyana, kuma layukan ƙarshe ne ke nuna mai laifi. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa, a zaɓi tsohon kanel daga jerin. Idan fuskar ce ke yin baƙi, a ƙara kalmar nomodeset a layin da quiet da splash suke; idan kuwa an tsaya a kan saƙon ACPI, a gwada noapic ko acpi=off, ɗaya bayan ɗaya. Wannan canjin na tashi guda ne kawai, kuma bai kamata a zauna a kan acpi=off ba, domin yana hana na'ura karanta cajin batir da lura da zafi yadda ya kamata.

Taɓa saituttukan BIOS na buƙatar hattara ga mai manhaja biyu a na'ura ɗaya, domin sauya RAID zuwa AHCI kan hana Windows tashi, kashe kariyar Secure Boot kuma kan sa BitLocker, shirin Windows mai kulle faifai, ya nemi mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda dole a tanade shi tun da wuri.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne sabunta manhajar tushe daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ko ta shirin fwupd idan samfurin na cikin waɗanda yake tallafa wa. Kwamfutocin hannu da suka cika kasuwanninmu sukan zo da tsohon BIOS da ƙaramin batirin bod da ya raunana, wanda ke sa saituttuka su riƙa gogewa. Sai dai kada a fara sabuntawa sai batir ya cika kuma caja na jone, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe bod ɗin. Kafin kowane irin gyara, wajibi ne a tashi na'urar da filas mai ɗauke da Linux a kwashe muhimman bayanai, sannan a ɗauki hoton saƙon ƙarshe a nuna wa mai gyara, don ya san inda zai fara bincike maimakon ya goge faifan.