Ba ƙarin ƙarfi turken sabis yake buƙata ba

A Ƙofar Dumi, da zarar kira ya fara yankewa ko mai POS ya ce babu sabis, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: turken unguwa ba shi da ƙarfi, kamfani ya ƙara masa wuta kowa ya huta. Masu wannan magana ba su rasa hujja ba, domin a ƙauyen da ke nesa da turke, raunin sigina ne matsalar. Amma a tsakiyar birnin Bauchi, inda gida ke manne da gida, lamarin daban ne.

Duba wayarka bayan sallar isha'i. Sandunan sabis a cike, amma hoton da ka tura a WhatsApp ya ƙi tafiya. Ashe sigina ya iso. Cunkoso ne ya tare hanya, ga kuma katsalandan, don turakun kamfani ɗaya da ke maƙwabtaka sukan yi aiki a kan zango ɗaya. In an ƙara wa wannan ƙarfi, sai ya danne wayoyin da ke ƙarƙashin wancan. Kamar zaure ne cike da jama'a: kowa ya ɗaga murya, ba wanda zai ji wani, amma wanda ya juya ya fuskanci abokin maganarsa, a hankali ma za a ji shi.

Wannan juyawar ita injiniyoyi suka koya wa eriya. Akwatin 5G guda kan ɗauki ƙananan eriyoyi masu yawa, a jere a kan layuka 32 ko 64 na aikawa. Ana saita lokacin fitar sigina daga kowace, ta yadda zai haɗu ya yi ƙarfi a inda wayarka take, ya kashe juna a wajen maƙwabcinka. Da wuta kaɗan sai a biya wa mutane da yawa buƙata lokaci guda.

Batun wutar nan ya shafi aljihunmu, tunda galibin turakun ƙasar nan da janareto suke kwana, kuma tsadar gudanarwa ce hujjar da aka kafa a Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari.

Tun Disambar 2021 kamfanonin MTN da Mafab suka sayi lasisin 5G, kowanne a kan dala miliyan 273.6. Don haka jama'a, in za mu kai koke, mu nemi a kawo wa unguwannin cikin ganuwa sababbin eriyoyi, a kuma faɗaɗa hanyar data.